Ido-Huɗu Za Ta Tuƙa Jirgi

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

An ɗauke ta! Jikata za ta tuƙa jirgin ƙasa! Takardar ta zo yanzun nan, na karanta ta sau uku da kaina, ban nemi kowa ya taya ni ba. Mutum goma sha biyu aka ɗauka, mace ɗaya tak a cikinsu, kuma tawa ce.

Malaminmu na ajin yamma ya ce in mutum zai fara littafi ya fara da gaisuwa da bayanin kansa. To ga shi a makare. Ni ne wanda ya tsare ƙofar layin dogo shekara talatin da ɗaya, jar tuta a dama, koriya a hagu. Jirgi zai wuce in ɗaga kai, direba ko kallona ba ya yi. Ina da shekara sittin da biyar na fara riƙe fensir. Yau ina da saba'in da ɗaya, ga ni ina rubuta labarin jikata da hannuna.

Saura abu ɗaya, gwajin ido, ran Litinin takwas ga wata mai kamawa. In ta ci, ta hau kan inji. Wannan ba komai ba ne, tun bara na gama da maganar ido. Tana 'yar shekara bakwai aka maƙala mata tabarau masu kauri kamar gindin kwalba. Ni na raɗa mata Ido-huɗu, unguwa ta ɗauka. Na san dokar gidan jirgi, mai tabarau ba ya tuƙi. Shi ya sa bara na kama hannunta na kai ta aka yi mata aikin leza, aka fere mata gaban ido da haske. Minti goma ta fito tana karanta lambar mota daga nesa. Tabarau ɗin na rataye su a ƙusa a ɗakina, har yau suna nan.

Na leƙa ɗakin baya na gaya wa ubanta, ɗana. Yana zaune inda yake zama, rediyo a cinya. Ya ce, “Allah ya sa alheri, Baba.” Shi ke nan. Shekara ashirin ke nan ba ya ganin komai sai inuwa-inuwa, tun yana aikin walda. Tartsatsi ne. Kowa ya san tartsatsi ne. Na ce, “Ka ga abin da 'yarka ta yi da idonta, kai me ka yi da naka?” Wasa nake yi. Matarsa ba ta san wasa ba, ta dire kofi ta fita.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na kai takardar shagon tela maƙwabcinmu, na karanta wa duk wanda ya shigo. Tela ya ce, “Tsoho, ka bar ta ta huta, za ka goge rubutun da yawu.” Na ce hassada ce, 'ya'yansa ko keke ba su iya ba.

Da safe Ido-huɗu ta zuba mini shayi a gefen kofi, a kan tebur. Murna ce.

Asabar, 8 ga wata, bayan magariba

Na kai ta tsohuwar ƙofata ta layin dogo. Yanzu inji ke buɗewa da rufewa, ɗakin da nake fakewa an cika shi da tsofaffin ƙarafa. Na nuna mata fitilar sigina can gaba, na ce, “To direba, me ta ce miki?”

Ta tsuke ido ta daɗe. Ta ce, “Wacce daga ciki, Kaka?”

Fitila ɗaya ce. Shekara talatin da ɗaya ina kallonta, ɗaya ce.

Ta ce, “Uku nake gani, kowacce da jela.”

Na ce ta daina wasa da ni. Ta ce wata huɗu ke nan, ta ɗauka gajiyar karatu ce. Muka kamo hanyar gida. A hanya ta yi tuntuɓe sau biyu, ban riƙe ta ba, kada mutane su gani.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Waya ce. Kullum ido a kan waya, ga murzar ido kamar mai wanki.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Uwarta ce ta nace, muka je babban asibitin ido. Ban so can ba. Ina da dalili.

Likitar mace ce, 'yar siririya, ba ta dariya. Tana ganin yarinyar ta ce, “Ba ke ce bara na ce ki dakata ba?” Sai ta dube ni. Na dubi kalanda. Gaskiya ne nan muka fara zuwa bara, ta yi ta jan rai, wai gaban idon ba shi da kauri, wai sai an sake awo bayan wata shida. Wa ke da wata shida? Na kai ta wani wuri da ba su da surutu.

Ta sa ta ɗora haɓa a kan na'ura, hoton ido ya fito a allo, kore da rawaya, ga wani ja a ƙasa kamar an ɗiga tawada. Ta faɗi suna mai tsawo, na sa ta rubuta mini: keratokonas. Ta ce fatar nan mai haske da ke gaban ido ta yi siriri, ta kasa riƙe kanta, ta turo gaba ta yi tsini kamar kan ƙwai. Da ma tana da rauni, aka zo aka ƙara fere ta. Tabarau ba za su gyara ba. Sai ƙaramin gilashi mai tauri da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, shi ma sai an yi ta gwadawa kafin a sami wanda zai zauna.

Yarinyar ta ce, “Ina da gwaji ran takwas.”

Likita ta ce, “Za mu yi abin da za mu iya.” Sannan ta ce, “Akwai mai irin wannan a gidanku?”

Na ce, “Babu.”

Uwarta ta ce, “Ubanta dai ba ya gani, amma tartsatsin walda ne.”

Likita ta ce a kawo shi. Na ce ba ya fita. Wa ya tambayi matar nan? In akwai lalataccen jini, a je a duba danginta.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ta shigo ɗakina ba ta gaishe ni ba, ta ciro tabaranta daga ƙusa ta saka. Na yi dariya na ce, “Maraba da Ido-huɗu, an dawo gida?” Ta dubi taga, ta dubi hannunta, ta cire su ta mayar. Ta ce, “Ko su ba su gane ni ba, Kaka.”

Na tuna ranar aikin. Sun ba da takarda a cike, na karɓe biro daga hannunta. Ita ce takarda ta farko da na taɓa cikewa a rayuwata. Da, ɗan yatsa nake dangwalawa. Na rubuta sunanta, shekarunta, unguwa. Inda aka ce ko akwai mai ciwon ido na gado a gida, na rubuta Babu, da babban baƙi a farko kamar yadda malam ya koya mana. Ma'aikaciyar ta ce rubutuna ya yi kyau.

Rubutuna ya yi kyau. Ita ta faɗa.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe uku na rana

An fara gwada mata gilashin cikin ido a asibiti. Mai laushi bai yi komai ba, yana bin tsinin ne kawai. Aka kawo mai tauri, ɗan ƙarami kamar ɓawon kifi. Ana ɗora shi hawaye ya ɓalle, ta riƙe hannun kujera har farcenta ya yi fari. Ta ce kamar an zuba mata yashi. Na ce, “Direbobi maza suna wuni cikin hayaƙi ba sa kuka.”

Ta ƙifta ido, gilashin ya yi tsalle ya faɗi ƙasa. Likita da uwarta da wata ma'aikaciya duk suka durƙusa suna lalube. Na ce, “Ga idon direba can ƙarƙashin tebur!” Ba wanda ya yi dariya. Mutanen asibiti ba su da raha.

Sun gwada biyar. Likita ta ce da ba a taɓa idon ba da abin ya zo da sauƙi, amma yanzu tsakiya a baje, ƙasa a tsaye, ba inda gilashi zai zauna. Ta faɗi haka tana kallon na'ura, amma na san da wa take.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na sa tsohuwar hular aikina na je ofishin jirgi, ko za a ɗaga mata ranar gwaji. Duk waɗanda na sani sun tafi. Wani akawu ya ce ba a ɗagawa. Na ce to ai ba laifinta ba ne, don dokarku ta hana tabarau aka yi aikin.

Ya ce, “Baba, ai an daɗe da canza wannan dokar. Rabin direbobinmu da tabarau suke.”

Yaran yanzu ba su san aikinsu ba. Ban gaya wa kowa a gida ba.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe goma na safe

Surukata ta shigo shara, na ga tana kallon gwangwanin da nake ajiye takarduna. Na ɗauke shi daga kan kabad na tura ƙarƙashin gado.

A cikinsa akwai wata takarda. Ta shekara goma sha biyar a wurina ban iya karanta ta ba. Ita ce abu na farko da na karanta ni kaɗai ba malami. Na karanta, na ninke, na mayar. Ba sabon labari ba ne, wanda ya rubuta ta ya faɗa mini da baki tun a lokacin. Ba zan rubuta abin da ta ce ba.

Mutane ba su san yadda aiki yake a da ba. Duk shekara ana gwada idon mai tuta. Da an ji cewa a gidan wane ido na lalacewa a jini, wa zai bar mini tuta? Wa zai ciyar da gidan? Tartsatsi kuwa tsautsayi ne, ba ya bin kowa gida.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na fito da safe na tarar da ɗana a tsakar gida da takalmi a ƙafa, matarsa na riƙe da gwiwar hannunsa. Na ce, “Ina zuwa?” Ta ce, “Asibiti, Baba.” Na ce, “Da izinin wa?” Ya ce, “Da nawa.” Shekara ashirin bai taɓa mayar mini da magana ba.

Na bi su. A asibiti an kawo wa yarinyar wani irin gilashi, babba, kamar ɗan murfin kwalba. Ana cika shi da ruwan gishiri, a sunkuyar da kai, a kifa shi, ya zauna a kan farin ido bai taɓa tsinin ba. Ta ɗago ta karanta layin ƙasa da idon hagu. Na miƙe na ce, “Alhamdulillahi, an gama!” Likita ta ce in zauna. Na dama har yanzu fitila da jela take. Kuma bayan awa uku idon ya yi ja, ta ce hazo take gani, aka cire.

Sai likita ta ce da uban yarinyar ya ɗora haɓa. Na ce zan sha iska. Ƙofa a buɗe take, na ji komai.

Ta ce, “Wannan ba tartsatsi ba ne.”

Ta ce irin na 'yarsa ne sak, sai dai nasa ba a taɓa fere shi ba. Ta saka masa na gwaji. Sai na ji ya ce wa matarsa, “Ke, ashe kin yi furfura?” Ta ce, “Kai ka sa ni ita.” Suna dariya suna kuka kamar yara, a gaban mutane. Likita ta ce za a yo masa nasa. Ta ce tun tuni ya kamata.

A mota ya ce, “Baba, likitan nan na da, ranar da ka bar ni a benci ka shiga kai kaɗai, me ya ce maka?”

Na ce shekara ashirin, wa zai tuna?

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Ba a kawo mini shayi ba. Na dafa da kaina, ya fi nasu daɗi.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na kira ta na ba ta dabara. Gwajin ido ba ya wuce rabin awa. Ta saka gilashin a bakin ƙofa, ta shiga, ta karanta da hagu, ta taimaka wa dama da ƙwaƙwalwa, tunda duk allon iri ɗaya ne. Ba wanda zai leƙa cikin idonta. A takarda ta rubuta lafiya lau.

Ta ce, “Kaka, tafiya awa tara ce. Ni awa uku nake gani.”

Na ce za ta saba.

Ta ce, “Tarago goma, cike da mutane. In fitila ta zama uku, wacce zan bi?”

Na ce, “Na tsaya a rana da ruwan sama shekara talatin da ɗaya don wani nawa ya hau kan injin nan. Na riga na gaya wa unguwa. So kike ki kunyata ni? To je ki ɗakin baya ki zauna kusa da ubanki, in saya muku rediyo na biyu.”

Ta tsaya tana kallona, ko inuwata take kallo, ban sani ba. Ita ce ta riƙa zama da ni a kan tabarma tana riƙe mini hannu lokacin da nake juya baƙaƙe baibai. Ta ce, “Da na san abin da za ka rubuta, da ban koya maka ba.”

Rashin kunya ce. Daga uwarta ta ɗauko.

Litinin, 1 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Nata gilashin ya iso. Awa huɗu yanzu. Kullum da safe tana sunkuye a kan madubi da 'yar kwalbar ruwa, in kumfa ta shiga sai ta cire ta sake. Yau sau shida. Na ƙirga ta taga.

Tela ya ce yaushe za a hau? Na ce saura mako.

Alhamis, 4 ga wata, bayan magariba

Na dawo daga aji na tarar da gwangwanina a kan gado, a buɗe. Dukansu uku suna ɗakina. Takardar tana hannun yarinyar, ta saka gilashinta musamman don ta karanta.

Ba ni na rubuta wannan ba, maganarta nake kwafa. Ta karanta: “Ciwon ba daga walda ba ne, halittar ido ce, kuma yana bin jini. A kawo shi a gwada masa gilashin cikin ido, zai gani. A kawo 'ya'yansa a riƙa duba su.”

Na ce, “Wa ya ba ku izinin taɓa kayana? Sata ce wannan.”

Ɗana ya ce, “Zai gani, Baba. Haka ya rubuta. Zai gani.”

Na ce ai a lokacin ban iya karatu ba.

Surukata ta ce, “Bara fa?”

Na ce su fitar mini daga ɗaki. Suka fita. Takardar suka tafi da ita, tawa ce, zan karɓa.

Litinin, 8 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na sa hula da rigar aiki, na goge maɓallai. Na bi ta a baya har ofishin, na zauna a benci a waje. Masu gwaji goma sha biyu, na gaya wa na kusa da ni wacce ce tawa.

Ba ta yi minti ashirin ba ta fito. Na ce, “Yaya?”

Ta ce, “Na gaya musu komai. Awa huɗun, da jelar fitila, da ciwon babana.”

Na ce, “Takardar cikewa fa, wurin ciwon gado?”

Ta ce, “Na rubuta Akwai. Da babban baƙi a farko.”

Sun ba wani wurinta, na goma sha uku a jeri. Sun ce in tana so akwai kujera a ɗakin sayar da tikiti. Na cire hula na sa a aljihu, na yi gaba. Ta kira ni sau ɗaya a wurin tsallaka titi, ban waiwaya ba. Tunda ta iya gaskiya, ta iya tsallakawa.

Talata, 9 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ban je shagon tela ba.

Asabar, 13 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ɗana yana gani! Nasa gilashin ya iso shekaranjiya, ya zauna masa daram, awa goma ba ja ba hawaye! Jiya ya fita shi kaɗai ba mai riƙe shi, ya shiga shagon tela ya zura zare a allura tashi ɗaya. Tela ya ajiye almakashi ya riƙe baki. Ya karanta lambar motar kwasar shara daga bakin ƙofa. Ya tsaya rabin awa yana kallon tururuwa a jikin bango. Wani mai gareji har ya aiko yana tambaya ko zai koma walda. Namiji a gida ya tashi!

Da ma tuƙin jirgi ba aikin mace ba ne, tun farko raina bai kwanta ba. Tikiti ma aikin gidan jirgi ne, a inuwa, ga fanka. Likita ta ce za a yi mata wani aiki don tsinin ya daina ƙaruwa. Ta gode Allah. Kuma a duba, da ban kai ta aikin leza ba, ina za a haɗu da wannan likitar? Ta hannuna alherin ya zo. Na faɗa musu haka da rana, ba wanda ya musa.

Abu ɗaya ne ban gane ba. In na shiga ɗakin baya, sai ya ɗauko ɗan robar da ake cire gilashi da shi ya sunkuya ya cire gilashin, na dama, na hagu, ya sa a akwatinsu ya rufe. Sannan ya ce, “Ina jin ka, Baba.” Sau huɗu ke nan. Na ce ka dube ni mana, ka ga yadda tsohonka ya koma. Ya ce ido na hutawa. Ina fita na ji yana neman kwalbar ruwa.

Shi da iyalinsa sun sami ɗaki biyu kusa da asibitin. Don sauƙin zuwa ne. Gobe da azahar motar kaya za ta zo. Yarinyar ta kwashe komai nata, tabarau ɗin kawai ta bari a ƙusa.

Na rubuta sanarwa zan manna a ƙofar tela, ga kwafinta:

Jama'a, maƙwabta da abokan ajin yamma da tsofaffin ma'aikatan jirgi, ɗana da ya shekara ashirin a ɗaki yana gani. Ku zo gidana gobe da safe, kafin azahar. Ku zo da allura, ku zo da jarida, ku gwada shi da kanku. Ni zan tsaya daga waje ina karɓar baƙi, don in na shiga cirewa yake yi. Ku shiga ku gani, in kun fito ku gaya mini yadda yake kallo. Kowa ya zo. Ku zo ku gani.